Mutumin da Ya Kushe Wasan Babana

Cokali yana hannun Baba lokacin da na faɗi sunan. Bai kai shi baki ba, bai kuma mayar da shi cikin kwano ba.

"Sake faɗa, Fenna. Kunnena ya fara tsufa."

"Jelmer Hoekstra," na ce. "Wata bakwai ke nan muna tare, Baba. Aure muke so mu yi."

Ranar Lahadi ce, muna zaune a kicin ɗinmu a garin Leeuwarden, ruwan sama yana ta dukan taga. Mama ta dafa miyar koren wake mai kauri, wadda ita kaɗai ce ke sa Baba waƙa a kan tebur. Shi ya sa na zaɓi ranar. Ashe na yi gurguwar dabara.

"Aukje," Baba ya juya wajen Mama, "kin ji 'yarki? Duk mazan da ke ƙasar nan, manoma, likitoci, har da ɓarayin kekuna, ta rasa wanda za ta kawo mini sai mahauci."

"Ba mahauci ba ne, Douwe, mai sharhi ne a jarida. Sha miyarka kafin ta huce."

"Ai gara mahauci! Shi sai ya yanka sannan yake fiɗa. Wannan da ranka zai feɗe ka."

Shekara talatin da ɗaya ke nan babana, Douwe Wiersma, yana rubuta wasannin kwaikwayo, yana kuma shirya su a ɗan gidan wasanmu mai kujera ɗari da tamanin. A cikinsa na yi rarrafe, yanzu kuma ni ce mai kula da fitilun dandamali. Jelmer kuwa shi ke sharhin fina-finai da wasanni a jaridar lardinmu.

Bara Baba ya yi wasa a kan wata mata da ruwa ya ci mijinta. Jelmer ya kalla, ya rubuta cewa marubucin ya san mutanensa kamar yunwar cikinsa, amma bai yarda da basirar 'yan kallonsa ba. Ya ce sau biyar matar ta tsaya tana gaya mana cewa tana baƙin ciki, alhali tun da ta manta ta jera kofi biyu a kan tebur kowa ya riga ya gane.

Baba ya tsallake yabon, ya rungumi sukan. Ni ma haushi ne ya kai ni ofishin jaridar don in wanke mutumin tas. Na tafi da faɗa, na dawo da lambar waya.

"Sjoerd fa?" Baba ya ce, ya ture kwanon. "Me Sjoerd ya rasa?"

Sjoerd Algra shi ne babban jarumin gidan wasanmu. Yana ɗan shekara goma sha tara ya zo wurin Baba, Baba ya koya masa har yadda ake tsayuwa.

"Shekara takwas yaron nan yana bin ki da ido. Na ce in na gaji, ke da shi ku riƙe gidan. Shi ne burina kaɗai a duniya, Fenna, shi kaɗai!"

"Sjoerd tamkar yayana ne, Baba. Ba zan iya kallonsa da wani ido ba."

Hawaye suka zubo mini. Baba ya kau da kai, don bai taɓa iya jure kukana ba.

"Ke ba yarinya ba ce, ba zan ɗaure ki ba," ya ce a hankali. "Amma ƙafarsa ba za ta taka gidana ba. Ranar da kuka je sa hannu a takardar aure kuwa, kada ki nemi fuskata a cikin hoton."

Ya ɗauki hularsa ya fita cikin ruwan, ko lema bai ɗauka ba.

*

Washegari da hantsi na tare Jelmer a ƙofar silima. Ya fito ke nan daga kallon wani fim da aka nuna wa 'yan jarida, ɗan littafinsa ya leƙo daga aljihun kwat. Da ya ga idanuna bai tambaye ni komai ba. Ya karɓi kekena ya tura, muka tsallaka gada zuwa shagon kofin da muka saba zama.

"Mahauci Baba ya kira ka," na ce.

"To, na sami ƙarin girma. Bara ungulu nake."

"Ba wasa nake yi ba, Jelmer." Na kama hannunsa. "Ranar Asabar za a buɗe sabon wasansa. Ka rubuta masa abu mai daɗi. Sau ɗaya tak! Ka ce ya burge ka, ka ce ka yi kuka. Wa zai kama ka? Layi goma ne fa tsakaninmu da aure."

"Fenna..."

"Kullum kana zuba yabo a kan fina-finan mutanen da ba ka taɓa gani ba. Sai a kan ubana alƙalaminka yake ƙafewa?"

Ya bar ni na yi kukana mai isata. Sannan ya turo mini farantin burodinsa mai sukari.

"Kin san abin da nake yi a cikin duhun nan?" ya ce. "Kunnena ɗaya yana kan dandamali, ɗaya yana kan mutanen da ke kusa da ni. In wasa ya kama su, ko mai mura sai ya haɗiye tarinsa. In ya sake su, sai ki ji kujeru na ƙara, ana tari, ana ɓare alewa. Ni aikina in gano dalili. In na rubuta ƙarya, duk wanda ya zauna a ɗakin ya san ƙarya ce. Na farkon da zai raina ni kuwa babanki ne. Zai ce ga wanda ya sayar da alƙalaminsa don ya sami mata."

"Shi ke nan. Ka zaɓi alƙalaminka."

"Ke na zaɓa. Tun ranar Juma'a na gaya wa editanmu cewa ba zan ƙara rubuta ko kalma ɗaya a kan gidan wasan Wiersma ba, yabo ko suka, tunda 'yar gidan nake nema. Wani za su turo."

Na san abin da ya rabu da shi. Tun yana sakandare yake zuwa kallon wasannin Baba, a layin baya mai arha. Ya sha gaya mini cewa a gidan wasanmu ya fara sanin ana iya sa ƙato kuka da kujera ɗaya da fitila ɗaya.

"Me ya hana ka gaya mini tun ɗazu, ka bar ni ina ta zuba?"

"Kin yi kyau a fitowar. Ban so in katse ba."

Na ɗaka masa duka a kafaɗa, ina dariya hawaye na zuba. Na kuma cinye burodin duka, ko gutsure ban rage masa ba.

*

Ranar Laraba ina can sama a ɗakin fitilu ina gyara launuka, sai na ji takun mutum a kan tsani. Sjoerd ne, da kofi biyu a hannu, sanye da kayan wasa.

"Maigida ya gaya mini," ya ce, yana nufin Baba. Ya zauna a kan akwatin wayoyi. "Da gaske ne?"

"Da gaske ne, Yaya."

"Kada ki sake ce mini yaya, don Allah. Kalmar nan ita ta cuce ni." Ya yi murmushin yaƙe. "Fenna, tun kina da ƙarfen gyaran haƙori nake son ki. Na ce bari in zama wani abu tukuna. Na zama, na waiga, sai na tarar wani ya riga ni. Kuma wa? Mutumin da bai taɓa tsayawa gaban jama'a gwiwarsa na kaɗawa ba. Yana zaune cikin duhu yana tsince laifin mutane. Ranar da kika ƙona abinci, maki nawa zai ba ki?"

"Ba haka yake ba."

"Ni na san ki. Na san ba kya magana kafin ki sha kofi. Na san tsawa na ba ki tsoro. Shi me ya sani?"

Idanunsa suka ciko. Sau ɗari na ga Sjoerd yana kuka a dandamali, ni ce ma nake haska hawayen. Wannan dabam ne, ba shi da kyan gani, hancinsa ya yi ja.

"Ka yafe mini," na ce, ni ma ina share nawa. "Da zuciya tana jin magana, da tuni na ba ka ita, kowa ya huta. Amma shi ma ba dutse ba ne, Sjoerd. Saboda ni ya ajiye sharhin gidan nan gaba ɗaya. Ranar Asabar ba shi zai rubuta ba."

Sjoerd ya dube ni. Ya ajiye kofinsa, ya sauka. Ta tagar ɗakin na hango shi ya nufi Baba, wanda ke tsaye a gaban dandamali.

"Maigida, albishirinka! Ungulun nan ba zai zo ba. Ya ce ya daina rubutu a kanmu."

Na zaci Baba zai yi tsalle. Sai na ga fuskarsa ta yi ja kamar gauta.

"Ba zai zo ba?" Muryarsa ta cika ɗakin har layin ƙarshe. "Wasana ne bai isa ya ɓata tawadarsa ba? Shi wane ne? Fenna! Sauko nan! Ki gaya wa mutumin nan gobe ƙarfe biyu akwai gwajin ƙarshe. Ya zo ya zauna. In namiji ne, ya faɗa mini a gaban idona!"

Ya shige ofis ya bugo ƙofa.

Na ruga ɗakin ɗinki wurin Mama. Na same ta da allura a baki tana dariya ƙasa-ƙasa.

"Mama, ban gane ba. Ba shi ya ce ba ya son ganinsa ba?"

Ta cire allurar. Ta jawo kundin wasan Baba da ya mance a kan tebur, ta buɗe bangon baya. Ga sharhin Jelmer na bara, an yanko shi daga jarida, ya tsufa don yawan naɗewa, an ja layi da jan fensir a ƙarƙashin kusan kowace jimla.

"Shekara guda ubanki yana rubuta wasan nan da mutum ɗaya a ransa," ta ce. "Da safe ina jin sa yana aski yana gardama da shi. Kowa a garin nan ce masa yake yi madalla, Douwe, ka yi ƙoƙari. Yaron nan ne kaɗai ya kalli aikinsa da gaske. Mayar da kundin yadda yake, kuma ba ki ga komai ba."

*

Ƙarfe biyu saura kwata Jelmer ya iso, cikin rigar da ya saya don bikin ƙanwarsa. Ya miƙa wa Baba hannu.

"Barka da rana, Yallaɓai."

Baba ya nuna masa kujera da haɓa. "Layi na shida. Kada ka yi mini magana sai an gama."

Na hau sama. Na rage fitilu.

Wasan a kan wani tsohon mai kiwon shanu ne da ɗansa. Sun yi faɗa, ɗan ya tafi birni, shekara goma sha biyu ba ko wasiƙa. Duk tsawon lokacin nan takalman robar da yaron ke shiga garke da su suna nan a bakin ƙofa, tsohon yana goge su. A ƙarshe ɗan ya dawo. Sjoerd ne ɗan. Yana shigowa yake cire takalmansa na birni ya zura na robar, sannan ya juyo ya yi jawabin neman gafara na minti tara.

Awa ɗaya da rabi ina kallon ƙeyar Jelmer. Bai motsa ba. Littafinsa ma bai fito da shi ba.

Da aka ja labule, Baba ya zo ya tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"To. Feɗe."

Jelmer ya miƙe. Daga sama ina ganin yadda yake murza hularsa.

"Yallaɓai, ban taɓa ganin ka yi abin da ya kai wannan ba. Inda tsohon yake cin abinci a tsaye don kada ya kalli kujerar ɗansa, sai da na manta da numfashi. Ba ka bayyana komai ba, ka bar mu mun gano da kanmu."

"Amma?"

Na rufe ido. Na ce a raina, Jelmer, ka yi wa Allah ka tsaya nan.

"Amma jawabin ƙarshe ba na wasan nan ba ne. Lokacin da yaron ya zura ƙafa a takalman nan, ya gama neman gafara, uban ma ya gama yafewa tun shekara goma sha biyu. Minti taran da suka biyo baya, marubuci ne yake tsoron kada a ƙi gane shi."

"Tsoro?" Baba ya daka tsawa. "Ni? Kai yaro, silima ta ɓata ka! A fim kyamara na matsowa har cikin ƙwayar ido. A nan fa? Tsohuwar da ke layi na goma sha biyar me za ta gani? Mutum ya sunkuya yana sa takalmi! Dole a gaya mata!"

"Gaskiyarka, ba ka da kyamara," Jelmer ya ce. "Amma kana da fitila."

Dukansu biyu suka ɗaga kai suka dube ni.

"Zan iya," na ce, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. "Sai in kashe komai a hankali, in bar haske ɗaya a bakin ƙofa. Ko na layin ƙarshe ba shi da wurin kallo sai nan."

"Wata biyu ina haddace jawabin nan!" Sjoerd ya faɗa daga dandamali. "Jibi za a buɗe wasa, sai wani ya zo daga titi ya yanke mini harshe?"

Baba ya yi ta kai da kawowa tsakanin kujeru yana huci. Can ya tsaya.

"A gwada. Don in nuna masa cewa bai san komai ba. Amma shiru zalla ba zai yi ba, nan ne ilimin naka ya ƙare. Tsohon zai faɗi abu ɗaya." Ya hau dandamali ya raɗa wa mai fitowa a tsohon wata magana a kunne.

Aka koma. Sjoerd ya shigo, fuska a ɗaure. Na fara janye haske daga bango, daga tebur, daga murhu, har ya rage a bakin ƙofa kawai. Ya sunkuya ya kwance igiyar takalminsa. Ya ɗauki na robar, ya juya shi, ya ga babu ko ƙura a jikinsa. Hannunsa ya tsaya. Na ga kafaɗunsa sun fara rawa, abin da bai taɓa yi a gwaji ba.

Daga cikin duhu tsohon ya ce, ko juyowa bai yi ba:

"Ka kula da baƙar saniyar, tana harbi."

Na kashe fitilar.

Da na kunna hasken ɗaki, Mama na bakin ƙofa tana share ido da ƙyallen da take ɗinkawa. Baba ya ba kowa baya yana fyace hanci da ƙarfi.

"Furucin nan ya fi shirun da na ce," Jelmer ya faɗa. "Da shekara zan yi ina tunani, ba zan samo shi ba."

"Ai na sani," Baba ya ce.

Sjoerd ya sauko, har yanzu da takalman roba a ƙafarsa. Ya tsaya gaban Jelmer. Sai ya miƙa masa hannu.

"Tun ranar farko jawabin nan ke shaƙe ni, na rasa bakin gaya wa Maigida." Ya ɗago ya dube ni, sannan ya mayar da ido kan Jelmer. "Sau biyu ka kayar da ni a mako guda. Ɗaya dai na gode. Ɗayar kuma, in ka sa ta kuka, ni ma na iya rubutu."

*

Mama ta kawo kofi da biskit, muka zauna a bakin dandamali ƙafafu na reto. Baba da Jelmer suka shiga gardama a kan wani fim da aka yi kafin a haife ni, kowa na katse ɗan'uwansa. Rabon da in ga Baba yana jin daɗi haka har na manta.

Can ya gyara murya, yana kallon cikin kofinsa.

"In an buɗe wasa, ka kawo iyayenka mu gan su. Ban ce na yarda ba. Cewa na yi ka kawo su."

Na rungume shi har kofin ya fantsama a rigarsa.

"Ke, sake ni, za ki karya tsoho!" Ya juya wajen Jelmer. "Af, wa suka ce za su turo a madadinka?"

"Wata babbar mai sharhi ce daga Amsterdam, Yallaɓai. Edita ya ce da ta ji sunan gidan wasan, ita da kanta ta nemi a ba ta. Tjitske Boonstra."

Baba ya ƙware. Ya yi ta tari har Sjoerd na bubbuga masa baya. Mama kuwa ta tuntsire da dariya har da riƙe ciki.

"Wace ce ita?" na tambaya.

"Tambayi ubanki," Mama ta ce. "Ita ce wadda ya yi wa alkawarin aure. Saura mako uku biki ya gan ni a dandamali, ya aika mata takardar fasa aure ta gidan waya. Shekara talatin ke nan tana fiƙe fensirinta."

Baba ya damƙi hannun Jelmer da hannu bibbiyu, idanunsa a warwaje.

"Ɗana," ya ce, "ɗana na kirki. Babu yadda za a yi ku ɗan rabu da Fenna zuwa ranar Litinin, ka rubuta sharhin da kanka?"